Takarda ma amana ce: nasiha daga ofishin masallaci

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan Juma'a muna cikin masu rai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wasallam, da alayensa da sahabbansa.

Za ku lura yau babu rubutun Larabci a saman wannan takarda kamar yadda muka saba. Ba mantuwa ba ce. Akwai dalili, kuma dalilin ne ya sa Malam Liman ya ce wannan makon ni zan yi rubutun nasiha, tunda abin daga ofishina ya taso. Ni ba malami ba ne, kun sani, sakandare na gama na zo Ibadan neman abinci kamar kowa. Duk aya ko hadisin da na ambata a nan sai da na karanta wa Malam ya ji, ya gyara min inda na karkace. Kuskuren da ya rage nawa ne.

Makonni uku da suka wuce, ranar Asabar bayan sallar Isha'i, na tsaya na sayi tsire zan kai wa iyali. Mai tsire ya jawo takarda ya naɗe min, na sa a leda na tafi. Da na isa gida na buɗe a gaban yara, sai na ga rubutun da na sani. Takardar Juma'armu ce, wadda ni da hannuna na buga daren Alhamis. Ayar da Malam ya zaɓa tana nan a sama da Larabci, mai ya jiƙa ta, yaji ya manne a kan sunan Allah. Wallahi jama'a, naman nan bai ciwu ba a wurina. Babbar 'yata da ke zuwa Islamiyya ita ta fara cewa, "Baba, ai wannan Ƙur'ani ne." Na rasa amsar da zan ba ta.

Washegari na koma wurin mai tsiren da niyyar faɗa. Ɗan'uwanmu ne, a sahu ɗaya muke tsayawa da shi. Da na nuna masa, jikinsa ya yi sanyi, ya kama istigfari. Ya ce yara ne ke kawo masa takardu a ɗaure yana ba su ɗan canji, shi kuma da dare yake aiki, hayaƙi a ido, bai taɓa tsayawa ya duba ba. Na nemi yaran, suka ce a harabar masallaci suke tsintarsu bayan an watse, wasu a kan tabarmi, wasu a bakin famfon alwala. To faɗan nawa sai ya mutu a nan. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaro ya tsinci abin da babba ya yar, babba kuma ya yar da abin da aka cusa masa a hannu bai nema ba. Wa ya cusa masa? Sakatare.

Juma'a biyu da suka biyo baya na tsaya bayan sallah, ni da ladan, muka tattara abin da aka bari muka ƙirga. Duk sati muna buga kwafi 200, kowane kwafi falle biyu, a fuska ɗaya. Abin da muka tsinta a ƙasa da wanda ya rage a hannun masu rabawa ya haura rabi, duka makonnin biyu. Wasu ma an yi fifita da su lokacin huɗuba, wasu an shimfiɗa an ɗora takalmi a kai saboda laka. Ku yi lissafin tare da ni. Falle 400 a sati, sau 52, ya zama falle 20,800 a shekara. Rim ɗaya falle 500 ne, ke nan kusan rim 42. Kowane rim na irin takardar da muke saya yana da nauyin kilo biyu da rabi, wato fiye da kilo 100 a shekara, nauyin buhun shinkafa biyu. Buhu ɗaya daga ciki kai tsaye yake tafiya juji da kwata da teburin mai ƙosai. Ban sa tawadar firinta ba, ban sa man janareto ba a daren da aka ɗauke wuta, ban sa kuɗin shagon fotokwafi ba idan injinmu ya lalace.

Takardar Juma'a ba ita kaɗai ba ce. Da na buɗe kabad ɗin ofis na duba da idon basira, kunya ta kama ni. Rahoton taron kwamiti muna buga wa kowane mamba nasa, a karanta minti goma, a bar shi a kan benci. Wasiƙa ɗaya sai na buga ta sau uku, saboda sai ta fito nake ganin kuskure a suna ko kwanan wata. Fom ɗin rajistar Islamiyya na bara yana nan a katan, an buga da shekara a jiki, shekarar ta wuce, ba ya amfanuwa. Takardun neman taimakon gyaran rufi mun buga ɗaruruwa, aka raba kaɗan, damina ta shigo, danshin garin nan ya sa suka yi fumfuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ga inda namu yake yoyo.

Yanzu mu tambayi kanmu, kuɗin wa ne wannan? Masallacinmu ba shi da gwamnatin da ke ba shi kasafi. Abin da ke shiga akwatin nan na ranar Juma'a, daga aljihun ɗan dako na kasuwar Bodija yake fitowa, da mai sayar da tumatir da albasa a Sasa, da mai jan shanu a kara, da mai gadi da ya kwana a zaune, da ɗan acaba, da mai shayi, da tsohuwar da ta ƙulle naira ɗari a bakin zane ta ba jikanta ya jefa. Mafi yawansu suna da iyali a gida Arewa da ke jiran saƙo ƙarshen wata. Mutum ya cire daga abin da zai aika wa mahaifiyarsa a Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi ya sa a akwati don Allah, yana zaton zai zama ruwan alwala ko tabarma ko likkafanin baƙon da ya rasu ba shi da kowa. Sai mu mayar da shi abin naɗe tsire. Gobe ƙiyama idan aka tambaya, ba firinta za a tambaya ba.

Allah Maɗaukaki ya yi mana magana kan wannan a wurare da dama. A Suratul A'araf aya ta 31 ya halatta mana ci da sha, ya hana mu wuce iyaka, ya kuma sanar da mu ba ya son masu wuce iyaka. A Suratul Isra'i aya ta 26 da ta 27 ya haɗa umarnin ba dangi da miskini da matafiyi haƙƙinsu da hana almubazzaranci, sannan ya danganta almubazzarai da shaiɗanu a matsayin 'yan'uwa. Malam ya ja hankalina kan yadda abubuwan biyu suka zo a jere: abin da ka watsar a banza, haƙƙin wani ne da bai isa gare shi ba. Mu da muke baƙi a ƙasar mutane, wa ya fi mu sanin matafiyi? A Suratul Furƙan aya ta 67 kuma an siffanta bayin Allah na gari da cewa idan za su kashe dukiya ba sa ɓarna, ba sa ƙwauro, suna tsayawa a tsakani.

A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba, Annabi, sallallahu alaihi wasallam, ya lissafa abubuwa uku da Allah ya ƙi mana: yawan ji-ta-ji-ta, yawan tambaya, da tozarta dukiya. Sun kuma ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah yakan yi alwala da mudu ɗaya na ruwa, wato kamar cikin tafin hannu biyu na mutum matsakaici. Akwai kuma labarin da muka sha ji a wa'azi, na Sa'adu da aka yi wa magana kan yawan zubar da ruwa a alwala, aka nuna masa ɓarna tana nan ko da mutum a bakin kogi yake. Malam ya ce malaman hadisi sun yi magana kan ƙarfin wannan ruwaya, amma ma'anarta ta dace da ayoyin da muka ambata. To idan ruwan ibada ma akwai iyaka, ina ga takardar ofis?

Wani zai ce, Sakatare, ai takarda ƙaramin abu ne, har ta kai a yi mata wa'azi ranar Juma'a? Ni ma haka na ɗauka, sai Malam ya ba ni labarin Umar ɗan Abdul'aziz, Allah ya yi masa rahama, halifan da ya hau mulki a shekara ta 99 bayan Hijira, ya yi kamar shekara biyu da rabi. Gwamnansa na Madina, Abubakar ɗan Hazmu, ya rubuto yana neman a ƙara masa takardun aikin ofis daga baitulmali. Malaman da suka rubuta tarihin Umar sun kawo amsar da ya ba shi. A taƙaice ya umarce shi ya fiƙe bakin alƙalaminsa ya yi siriri, ya matse layukan rubutunsa, ya tara buƙatu da yawa a shafi ɗaya, domin shi ba ya son fitar da dukiyar Musulmi a abin da ba zai amfane su ba. Ku duba fa, daular da ta kama daga Andalus har iyakar Indiya, shugabanta yana lissafin fallen takarda. Mu kuma da asusunmu ba ya kai wata ba tare da ma'aji ya yi kuka ba, muna bugawa kamar daga rijiya muke ɗebowa.

Amma ga inda labarin ya fi daɗi. Wannan Umar ɗin, shi ne ya rubuta wa wannan gwamnan dai, Abubakar ɗan Hazmu, ya ce ya nemi hadisan Manzon Allah ya rubuta su, don yana tsoron ilimi ya ɓace malamai su ƙare. Bukhari ya ambaci wannan a babin ilimi. Kun ga ke nan Umar ba rowar takarda yake yi ba. Ya hana ta tafiya a surutun ofis domin ta samu inda ya cancanta. Abin da nake so mu ɗauka ke nan a yau: kafin ka danna a buga, ka tambayi kanka, wannan fallen ina zai kwana? Idan a fayil zai kwana, ko a hannun mai karatu, bismillah. Idan ka san a kwandon shara zai kwana, ka bar shi a cikin kwamfuta.

Magabatanmu sun san darajar abin rubutu saboda sun sha wuyar samunsa. Lokacin da Sayyidina Abubakar ya sa Zaidu ɗan Sabitu ya tattara Alƙur'ani bayan yaƙin Yamama, daga sassan itacen dabino da fararen duwatsu masu faɗi da ƙirazan mahaddata ya tattaro shi. Takarda irin tamu a ƙasar Sin aka fara yin ta, ba ta yaɗu a ƙasashen Musulmi ba sai bayan fiye da shekara ɗari da Hijira, ta hanyar Samarƙandi, daga nan Bagadaza a zamanin Haruna Rashid. A ƙasar Hausa kuwa, kakanninmu kan raƙumi ake kawo musu ita ta Sahara, da yawanta daga Italiya ta biyo ta Tarabulus, mai alamar jinjirin wata uku a jiki idan ka ɗaga ta a haske. Shi ya sa alaramma ba ya taɓa takarda sai hannunsa ya nuna. Yaro a allo yake koyo: ya rubuta, ya haddace, ya wanke, ya sake rubutawa, allo ɗaya shekara da shekaru. Ruwan wankin ma ba a zubar da shi inda ake takawa. Littafi kuma a gafaka yake, a rataye a sama. Duk wanda ya yi makarantar allo a cikinmu ya san abin da zai same shi idan malam ya ga allonsa a ƙasa. Yau mun samu injin da ke fitar da aya ɗari biyu kafin shayi ya huce, sai ladabin ya gudu.

Malaman tarihi suna ba da labarin Bishrul Hafi, bawan Allah na Bagadaza da ya rasu a shekara ta 227 bayan Hijira. A farkon rayuwarsa ba mutumin kirki ba ne. Wata rana ya ga takarda a kan hanya da sunan Allah a jiki ana takawa, ya ɗauka, ya sayi turare da ɗan kuɗin da ke hannunsa ya shafa mata, ya ajiye ta a wuri mai tsarki. Suka ce wannan ne mafarin shiriyarsa, har sunansa ya zama abin ambato da alheri zuwa yau. Suratul Hajji aya ta 32 ta nuna mana girmama alamomin addinin Allah daga taƙawar zuciya yake. Maƙwabtanmu Yarabawa, Musulminsu da Kiristansu, suna kallon yadda muke riƙe abin da muke cewa mai tsarki ne. Idan suka ga ayarmu tana yawo a kwata bayan ruwan sama, wane wa'azi za mu yi musu kuma?

Ga 'yan'uwa da ke cewa ai takarda ba ta da tsada, ku tambayi ma'aji. Gwamnatin tarayya ta taɓa gina manyan masana'antun takarda uku, ɗaya a Jebba ta jihar Kwara, ɗaya a Oku Iboku ta Akwa Ibom, ɗaya a Iwopin nan jihar Ogun kusa da mu. Duk ukun sun daɗe da kasa yin aikin da aka gina su dominsa, shi ya sa mafi yawan farar takardar da muke sawa a firinta daga waje ake shigo da ita, da dala. 'Yan canjinmu na Sabo sun fi ni sanin abin da ya sami naira tun 2023. Duk lokacin da dala ta motsa, rim ya motsa, tawada ta motsa. Kafin ma ta iso tashar jirgin ruwa ta Legas, itace aka sare, aka daddatsa, aka dafa da sinadarai, aka wanke da ruwa mai yawa, aka busar da wuta. Duk wannan ni'ima ce ta Allah da ta bi ta hannun mutane da yawa kafin ta zo teburinka.

Nasihar ba ta tsaya a ofishin masallaci ba. A cikinmu akwai ma'aikatan gwamnati, akwai malaman makaranta, akwai masu aiki a banki da kamfani da ofishin ƙungiyoyin kasuwa. Ɗan'uwa, firintar ofis ba taka ba ce. Buga aikin makarantar ɗanka da ita, ko katin gayyatar suna, ko ɗauko rabin rim ka kawo gida ba tare da izinin mai abu ba, duk cin amana ne ko da kowa yana yi. Muslim ya ruwaito daga Adiyyu ɗan Amira cewa wanda aka ba aiki ya ɓoye ko da allura ce, zai zo da ita ranar ƙiyama a matsayin abin da ya ha'inta. Kada ka ce ai na gwamnati ne, ko ai mai kamfanin ba Musulmi ba ne. Amana ba ta duba addinin wanda ya ba ka ita. Ni kaina na taɓa buga wa aboki takardar neman aiki a injin masallaci ina ganin taimako ne. Na faɗa wa kwamiti, na biya, Allah ya yafe mana.

Akwai kuma sirrin mutane. A cikin takardun da na karɓo daga wurin mai tsire, na tarar da falle ɗaya na tsohon jerin waɗanda aka ba zakka, da sunayensu da unguwanninsu. Kuskuren bugu ne na jefa a kwando ban yaga ba. Ku yi tunanin dattijon da ya ɓoye talaucinsa shekara da shekaru, sai wani ya karanta sunansa a jikin ƙunshin nama. Wannan ya fi asarar kuɗin yi min ciwo. Duk mai aikin ofis ya sani, abin da ba ka buga ba, ba zai faɗa hannun da bai kamata ba ta wannan hanya.

Kada kuma wani ya fita daga nan ya ce Sakatare ya haramta takarda. A'a. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Mu baƙi mun fi kowa buƙatar wannan. Yarjejeniyar hayar shago, takardar filin masallaci da na maƙabarta, shaidar ɗaurin aure, rasit ɗin kuɗin da aka karɓa, wasiyyar mamaci, rabon gado, duk waɗannan sai an rubuta, an sa hannu, an adana. Sau nawa muka zauna sulhu a ofishin nan saboda an ba da kaya bashi da baki kawai, mai karɓa ya tafi gida noma bai dawo ba? Wanda ya ƙi sayen littafin rasit da sunan tattali, ya faɗa ƙwauron da ayar Furƙan ta hana. Waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, ana sace ta. Abin da zai zama hujja gobe, takarda ce wurinsa.

To ga abin da kwamiti ya zauna ya amince da shi ranar Lahadi, da yardar Malam Liman.

Na farko, daga Juma'a mai zuwa kwafi 60 za mu riƙa bugawa, falle ɗaya gaba da baya. Ba za a ƙara bi sahu-sahu ana rabawa ba. Za a ajiye su a kan tebur bakin ƙofa da ɓangaren mata, mai so ya ɗauka. Lissafin shekara zai sauko daga kusan rim 42 zuwa shida da 'yan kai. Idan muka ga 60 ba ta isa ba, za a ƙara.

Na biyu, cikakkiyar takardar za ta shiga zauren WhatsApp na masallaci kowace Alhamis da dare, tare da saƙon murya da za a karanta ta a ciki, domin waɗanda ba sa karatun boko da waɗanda suka tafi gida damina. Za a kuma liƙa kwafi ɗaya mai manyan baƙaƙe a allon sanarwa, cikin gilashi.

Na uku, ba za mu ƙara buga aya da Larabci a takardar da ake rabawa ba. Za mu kawo ma'ana da sunan sura da lambar aya, mai so ya buɗe Mus'hafi. Duk da haka sunan Allah yana jikinta, don haka an kafa akwati na musamman kusa da wurin ajiye takalma. Ka gama karantawa, idan ba za ka adana ba, ka jefa a ciki. Ka kawo ma tsofaffin kalanda masu ayoyi da yagaggun littattafan Islamiyya na yara. Duk ƙarshen wata za a ƙona su a wuri mai tsabta a binne tokar. Malamai sun kafa hujjar wannan da abin da Sayyidina Usmanu ya yi lokacin da ya haɗa mutane a kan Mus'hafi ɗaya ya sa aka ƙona sauran rubuce-rubucen, domin kare su daga wulaƙanci da saɓani.

Na huɗu, a cikin ofis: wasiƙa sai an karanta ta sau biyu a kwamfuta kafin a buga. Rahoton taro kwafi ɗaya na fayil, sauran mambobi su karɓa a waya. Fom ba za a ƙara buga shekara a jikinsa ba, a bar gurbi a cika da biro. Takardar da aka ɓata fuska ɗaya, idan babu sunan Allah ko sirrin wani a jiki, za a yanka ta a ɗinke a ba yaran Islamiyya su yi gwajin rubutu. Wadda ke da sunayen mutane kuwa wuta ce makomarta. Jerin masu karɓar zakka da taimako ba zai taɓa shiga WhatsApp ba, yana cikin littafin ma'aji a kulle.

Na biyar, kuɗin da aka rage za a rubuta shi daban, ma'aji ya karanta muku duk bayan wata uku. An amince ya tafi asusun jana'izar baƙi da littattafan marayun Islamiyya.

Wani dattijo daga cikin iyayenmu ya kira ni gefe bayan taron ya ce, "Yaro, mu da ba mu da babbar waya fa, ka kore mu ke nan?" Baba, Allah ya kiyaye. Kwafi 60 ɗin nan naku ne da farko, matasa su yi haƙuri su bar muku. Wanda idonsa ya yi rauni, ya same ni a ofis bayan La'asar na karanta masa. Matasa kuma ku ji ni da kyau: an tura takarda a waya ba lasisin latsa waya lokacin huɗuba ba ne. Hadisi ya tabbata cewa ko ce wa na kusa da kai ya yi shiru liman yana huɗuba yasasshiyar magana ce. Ku karanta daren Alhamis ko bayan an sallame. Kada mu gudu daga ɓarnar takarda mu faɗa ɓarnar Juma'a.

Na san wasu za su yi dariya su ce wanda ke wa'azin rage takarda ya cika falle biyu gaba da baya. Kun yi gaskiya, nasihar Umar ni ta fara kamawa. Wannan ce ta ƙarshe mai tsawo haka in sha Allahu, daga sati mai zuwa zan fiƙe alƙalamina. Roƙona ɗaya, wannan da ke hannunka kada ta kwana a tabarma. Ka kai wa maƙwabcinka da bai zo ba, ko ka karanta wa iyalinka, ko ka jefa ta a akwati. Iyaye kuma a ja kunnen yara su daina kwasar takardun masallaci suna sayarwa. Masu tsire da ƙosai da gyaɗa a cikinmu, don Allah ku riƙa dubawa da rana kafin ku naɗe da dare.

Ina neman afuwar jama'a kan abin da ya salwanta a hannuna cikin shekarun da na riƙe wannan ofis. Allah ya yafe mana abin da muka ɓarnatar da sani da rashin sani, ya sa mu cikin masu riƙon amana a ƙarami da babba, ya yi albarka a cikin nemanmu, ya tsare iyalanmu na nan da na gida, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya jiƙan magabatanmu. Amin.

Wassalamu alaikum warahmatullah.

Naku,
Sakataren Masallaci